Iyakar Sanin Mai Awo a Kimiyyar Fiziks

Maƙasudin wannan takarda shi ne gyara wani kuskure da mu malamai kan cusa wa ɗalibanmu, galibi ba da saninmu ba.

A shekarar 1814 Laplace, masanin lissafin nan na Faransa, ya yi da'awar cewa da za a sami mai hankalin da ya san matsayin kowace ƙwaya a duniya da ƙarfin da ke aiki a kanta, da babu abin da zai ɓuya masa, na jiya ko na gobe. Wannan fata ya gamu da cikas a 1927, sa'ad da Werner Heisenberg ya nuna cewa ba shi yiwuwa a tantance matsayin ilektiron da gudunsa a lokaci guda. Gwargwadon yadda aka ƙuntata ɗaya, gwargwadon yadda ɗayan zai kuɓuce. Alal misali, idan muka tsare ilektiron cikin faɗin ƙwayar zarra, watau kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita, rashin tabbas game da gudunsa ba zai gaza kilomita 500 a daƙiƙa ba.

To, a ina kuskuren yake? Heisenberg da kansa ya buga misali da madubin ƙara girma: kafin a ga ilektiron sai an haska shi, hasken kuwa ya bangaje shi. Misalin yana da daɗin koyarwa, shi ya sa muka riƙe shi. Amma ɗalibi yakan fita aji da zaton ilektiron yana da tabbataccen matsayi da gudu, kaushin hannunmu ne kawai ya ɓata awon, kuma wata rana ingantacciyar na'ura za ta raba gardama. Alhali a cikin shekarar ta 1927 Kennard ya fitar da ƙa'idar daga lissafi tsantsa, babu madubi, babu bangaza.

Einstein bai gamsu ba. A 1935 shi da Podolsky da Rosen suka ce nazariyyar ce ba ta cika ba. Sai a 1964 John Bell ya samo hanyar gwada wannan magana, gwaje-gwajen Alain Aspect na 1982 a Faransa kuma suka goyi bayan nazariyyar. Wanda duk ya nace cewa akwai ɓoyayyun ƙididdiga, tilas ya yarda ƙwayoyi biyu masu nisa da juna suna yi wa juna tasiri nan take.

Saboda haka muna ba da shawarar a jinkirta misalin madubin har sai ɗalibi ya fahimci siffar igiyar ruwa da ilektiron ke da ita, domin daga nan iyakar ta samo asali.