Bajon Suna Mai Batir: Abin Dubawa Kafin a Sayi na Farko

A watan Agustan 2006, mahalarta taron DEF CON a birnin Las Vegas na Amurka sun karɓi abin da ba su saba gani ba a bakin ƙofa. Taron na masana tsaron kwamfuta ne da 'yan dandatsa, kuma tun 1993 ake yin sa. A wannan shekara, maimakon katin shiga na roba, sai aka miƙa wa kowa wani ɗan allon lantarki mai fitilu biyu da maɓalli da ƙaramin batir mai siffar kwabo, ya rataya a wuya. Injiniya Joe Grand ne ya ƙera shi. Da shekara ta zagayo, ya fito da wani mai fitilu 95, wanda mutum zai rubuta saƙonsa ya riƙa gilmawa a ƙirjinsa.

Daga nan abin ya zama al'ada a irin waɗannan taruka. Sansanin SHA2017 a ƙasar Holan ya raba bajo mai fuskar tawadar lantarki da ke shiga intanet. A 2024, bajon DEF CON har wasan bidiyo ake bugawa a kansa, sansanin EMF na Ingila kuma ya fitar da Tildagon, bajo mai kusurwa shida da aka tsara don a riƙa komawa da shi taro bayan taro, ba a jefar ba. Waɗannan duka kayan masu sha'awar haɗa na'ura ne. Mai tallan kaya a rumfar baje koli, ko mai tarbar baƙi a zauren taro, ko ɗalibar da za ta je taron fasaha karo na farko, buƙatarsu ba ta kai nan ba. So suke wanda ya tunkaro su ya san sunansu da aikinsu kafin a gama gaisawa.

Wanda ya fi yawa a kasuwa, kuma ya fi araha, shi ne bajon fitilun LED da ake ƙerawa a China, wanda ya cika shagunan intanet irin su AliExpress. Tsawonsa wajen santimita 9 ne, faɗinsa wajen 3. Fuskarsa ƙananan fitilu ne a jere, galibi layi 11 daga sama zuwa ƙasa, 44 daga hagu zuwa dama, jimilla 484, duk launi ɗaya: ja, ko shuɗi, ko kore, ko fari. Yawancinsu na riƙe saƙo takwas, mutum ya zaɓi saurin tafiyar rubutun da ƙarfin hasken. Wasu ta Bluetooth ake tura musu rubutu daga waya, wasu kuwa sai an jona su da kwamfuta. A hoto kamanninsu ɗaya, don haka wanda waya kaɗai gare shi ya tabbatar da irin wanda zai biya kuɗinsa, kada kaya su iso ya rasa yadda zai rubuta ko harafi guda.

Lissafin fitilun nan shi ne abin da masu saye suka fi tsallakewa. Harafi ɗaya da tazararsa yakan ci layi shida ko bakwai, wato haruffa shida zuwa bakwai ne kawai ke zama a fuskar lokaci guda. Aminu zai tsaya cak a karanta shi, Hauwa ma haka. Abdurrahman kuwa dole ya riƙa tafiya, mai kallo ya jira ƙarshen suna ya iso. In aka ƙara sunan uba da na kamfani da lambar waya, sai baƙo ya ƙura wa ƙirjin mutum ido na tsawon lokaci, abin da ba ya yi wa kowa daɗi, musamman mata. Rubutu mai gudu da walƙiya yana jan ido daga nesa, ya dace da mai son a hango rumfarsa. Don gabatar da kai kuwa, gajeren suna a tsaye, ba motsi, ya fi amfani nesa ba kusa ba, kuma kusan dukkan waɗannan bajoji suna da wannan zaɓin.

Akwai kuma matsalar da ta shafi mai rubuta Hausa kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ba kowace manhaja ce ta san da su ba. Wata za ta fitar da akwati ko alamar tambaya a gurbinsu, wata za ta fitar da su amma lanƙwasar ta dusashe, saboda tsayin fitila 11 bai bar wurin ado ba. Bai kamata Ɗanladi ko Ƙasimu ya biya kuɗi ya koma Danladi da Kasimu a ƙirjinsa ba. Mafita tana nan. Bajon kansa bai san harafi ba, ɗigo kawai yake kunnawa, don haka duk manhajar da ke barin mutum ya zana da hannu za ta iya fitar da ƙ mai kyau, ɗigo bayan ɗigo. Ƙungiyar FOSSASIA, mai cibiya a Singafo, ta yi wata manhaja kyauta mai suna Badge Magic don irin wannan bajo mai 11 da 44, kuma tana da wurin zane. Hanyar nan ce kuma za ta taimaki mai son sunansa da ajami, sai dai ya juya tafiyar rubutun ta dace da karatu daga dama.

Sai batun rana. Fitilar LED sarauniya ce a zaure ko da dare, amma a fili da tsakar rana, irin na kasuwar baje kolin Kaduna, haskenta kan kwanta har rubutu ya yi wuyar gani. A nan bajon tawadar lantarki ke nuna kansa. Fasahar ta samo asali ne daga jami'ar MIT a Amurka, inda aka kafa kamfanin E Ink a 1997, kuma ita ce a fuskar na'urar karatu ta Kindle. Ba ta fitar da haske, hasken wuri take mayarwa kamar takarda, don haka rana ƙara mata kyau take yi. Wuta kuma sai lokacin sauya rubutu take ci. Ko batir ya mutu, sunan yana nan daram.

Misalin da aka fi sani shi ne Badger 2040, wanda kamfanin Pimoroni na birnin Sheffield a Ingila ya fitar a 2022. Fuskarsa inci 2.9 ce, mai ɗigo 296 a kwance da 128 a tsaye, wadda ta isa ta ɗauki cikakken suna da muƙami da hoto baƙi da fari, har da lambar QR da waya za ta karanta. Sai dai wannan ba kayan a saya a maƙala ba ne. Sauya suna na buƙatar jona shi da kwamfuta a gyara fayil, wanda ke son abin da ya wuce haka kuma sai ya taɓa yaren MicroPython. Ba ya cajin batir da kansa, kuma a duhu ba a ganin komai. Ga mai sha'awar koyon shirya manhaja, wannan makaranta ce mai daɗi. Ga wanda taronsa jibi ne, wahala ce.

Masu fuska mai launi irin ta waya ma sun fito, suna nuna hoto har da mai motsi. Suna da kyan gani, amma sun fi sauran shan batir, rana kuma tana dushe su.

Bayan bajon ma abin dubawa ne. Galibi yakan zo da fil ko maganaɗisu. Fil na huda tufafi, kuma nauyin bajo kan ja yadi mara kauri ya karkace, mai shadda mai tsada ko mayafi mai santsi zai fi son maganaɗisu. Amma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanci maganaɗisu a ƙirji ɗungum. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a bar tazarar aƙalla inci 6, wato kimanin santimita 15, tsakanin irin wannan na'ura da kayan lantarki masu maganaɗisu. A gare shi, igiyar rataya ko fil ne zaɓi.

Bajojin Bluetooth masu araha da yawa ba su da kalmar sirri. Muddin suna jiran saƙo, duk mai manhajar da ke kusa zai iya aika musu nasa rubutun, don haka a gama shirya suna tun daga gida, a fitar da bajon daga yanayin karɓar saƙo kafin a shiga jama'a. Batirinsu na litiyam ne, ba ya son zafi, kada a bar shi cikin motar da aka rufe a rana. Awannin da mai sayarwa ya rubuta kuma sun danganta da ƙarfin haske da yawan fitilun da ke kunne, saboda haka a cika shi da caji, a kunna shi yini guda a gida a ga iyakarsa. Katin shiga da masu taro suka bayar yana nan a matsayinsa, shi masu gadi ke dubawa a ƙofa, bajon lantarki a gefensa ake maƙala shi.