Toshewar Jijiyoyin Zuciya ga Masu Ciwon Sukari: Hanyoyin Magani da Aikin Iyali

Zuciya tsoka ce wadda ba ta hutawa dare da rana, kuma ita ma tana buƙatar jini domin ta yi aiki. Jinin yana isa gare ta ne ta manyan jijiyoyi uku da ke kwance a kanta, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan raunana bangon jijiyoyin nan, kitse ya riƙa taruwa a ciki, hanyar ta yi ta ƙuntata. Ranar da jini ya daskare a wurin da ya ƙuntata, sai wani sashe na zuciya ya rasa jini ya fara mutuwa. Ciwon zuciya yana cikin manyan abubuwan da ke hallaka masu ciwon sukari.

Wannan bayani ya shafe ku, iyaye mata, domin ku ne ke dafa abincin gida, ku ne kuma ke jinyar miji da iyaye. Matar da ta yi ciwon sukari lokacin da take da ciki tana cikin haɗarin kamuwa da shi daga baya, saboda haka ya kamata ta riƙa awon sukari ko bayan haihuwa.

Alamomin da ba a jira da su

Alamar da aka fi sani ita ce nauyi ko matsi a ƙirji, wanda kan sauka zuwa hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi. Sai dai ciwon sukari yana lalata jijiyoyin da ke isar da zafi, don haka mai shi yana iya samun toshewa ba tare da ƙirjinsa ya yi ciwo ba. Abin da za a gani shi ne haki bayan ɗan aiki kaɗan, zufa mai sanyi, tashin zuciya, ko gajiyar da ba a san dalilinta ba. Mata sun fi yawan nuna irin waɗannan alamomi. Idan abin ya ɗauki mintoci bai lafa ba, a kai mutum cibiyar lafiya nan take, domin kowace sa'a da ta wuce tana ƙara ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Hanya ta farko: magunguna

Duk wanda jijiyoyin zuciyarsa suka ƙuntata yana buƙatar magani, ko an yi masa aiki ko ba a yi ba. Likita yakan haɗa maganin hana jini daskarewa kamar asfirin, da maganin rage kitsen jini da ake kira sitatin, da na hawan jini, da na sukari kamar metformin ko allurar insulin. Ga mutumin da ciwonsa bai tsananta ba, magani tare da gyaran abinci yakan wadatar shekaru masu yawa. Mace mai ciki, ko mai niyyar ɗauka, ko mai shayarwa, ta sanar da likita, domin sitatin da wasu magungunan hawan jini ba su dace da ita ba. Kada a sayi waɗannan magunguna wurin masu yawo da su a kasuwa.

Hanya ta biyu: buɗe jijiya daga ciki

A nan ba a tsaga ƙirji. Likita yana zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya har ya kai zuciya, ya hura ƴar ƙaramar balan-balan a wurin da ya toshe, sannan ya bar ƴar ragar ƙarfe mai suna sitent domin ta riƙe hanyar a buɗe. An fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1977. Wannan hanya ce ta fi sauri idan jijiya ta toshe farat ɗaya, kuma ana sallamar mutum cikin ƴan kwanaki. Bayan aikin sai ya sha magungunan hana daskarewar jini iri biyu, galibi wata 6 zuwa 12. Wanda ya daina sha da kansa yana iya sa ragar ta toshe, ransa ya shiga haɗari.

Hanya ta uku: tiyatar sabuwar hanya

Likitocin tiyata suna ɗauko lafiyayyar jijiya daga ƙirji, ƙafa ko hannu, su ɗinka ta yadda jini zai kewaye wurin da ya toshe. Babban aiki ne, kuma murmurewa kan ɗauki makonni 6 zuwa 12. Ga masu ciwon sukari, toshewa takan kama jijiyoyi da yawa a wurare masu tsawo, shi ya sa tiyata ke da muhimmanci gare su. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan masu ciwon sukari 1,900 da jijiyoyinsu fiye da ɗaya suka toshe ya nuna cewa bayan shekara 5, kusan kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ne suka rasu ko suka samu bugun zuciya ko shanyewar jiki, alhali a cikin waɗanda aka saka wa raga adadin ya kusan kashi 27. Amma shanyewar jiki ita kaɗai ta ɗan fi yawa bayan tiyata. Likita yana duba yawan jijiyoyin da suka toshe, ƙarfin zuciya, lafiyar ƙoda da shekarun mutum kafin ya ba da shawara.

Hanyoyi biyun ƙarshe sai a babban asibiti mai sashen zuciya da kayan aiki na musamman. Ga iyalin da ke ƙauyen Maradi, Damagaram ko Tawa, wannan yana nufin doguwar tafiya da kuɗi masu yawa. Abin da ke hannunmu shi ne hana ciwon kai wa nan.

Abin da tukunyar gida za ta yi

Babu aikin da ke kawar da cutar daga tushe. Yana buɗe hanya ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. A rage sukari a shayi, fura da kunu, a bar lemon kwalba. A rage soye-soye, a ƙara wake, zogale, rama, kuka da kuɓewa, a kuma rage yawan tuwo da shinkafa a kwano. A bar taba. Tafiyar minti 30 a yini tana taimakawa idan likita ya yarda. Mai shan maganin sukari ya nemi shawarar likita kafin azumi ya kama.

Ga masu faɗakarwa

Ku san masu ciwon sukari na unguwarku. A kowace ziyara ku tambayi ko maganinsu ya ƙare, da ranar da aka yi musu awon sukari da na hawan jini na ƙarshe. Ku koya wa iyali alamomin da aka ambata, ku kuma shirya da su tun yanzu yadda za a samu abin hawa zuwa cibiyar lafiya idan ciwo ya taso da dare.