Bitamin D da Kumburin Huhu a Cutar Korona

A In Amguel, arewa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya, rana ba ta ƙaranci. Amma sai ta taɓa fata jiki ke samar da bitamin D, don haka mai rawani da doguwar riga, ko matar da ke wuni a ɗaki gudun zafi, na iya rasa shi.

Bitamin ɗin yana taimakawa wajen daidaita garkuwar jiki, wadda idan ta wuce gona da iri a korona takan kumbura huhu. Shi ya sa aka sa masa rai. Sai dai wani gwaji da aka yi a Birazil kan majinyatan korona 240, da aka wallafa a 2021, ya nuna shansa da yawa lokaci guda bai rage kwanakin asibiti ba. Don haka wanda numfashi ya yi wa wuya, ya garzaya asibiti.