Indomie Mai Yaji: Barkono Ake Zargi, Gishiri Ke Ɓarna

Duk wanda ya ratsa gonakin Ungogo a ƙarshen rani, lokacin da manoma ke jera tsibin taki kafin ruwa ya sauka, zai ga abin da kakanninmu ba su sani ba. A cikin tokar murhu da kashin awaki da sharar birni da ake kawowa, ledojin taliya ne ke ƙyalli, ja da rawaya. Iska ta kwashe su, ta maƙala a jikin darni da ƙayar bakin hanya. Gona ba ta rufa wa tukunya asiri. Daga Panisau zuwa Rangaza, daga Kadawa zuwa Yadakunya, abin da dā sai a teburin mai shayi ake ganinsa yanzu ya shiga madafin kowane gida.

Ban ga laifin uwar da ta rungume shi ba. Tuwo yana son surfe da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi, ga itace ya yi tsada. Wannan kuwa kara biyar da ruwa kofi ɗaya sun isa, kafin yaro ya gama kuka an sauke. Sai dai irin dahuwar da muke yi masa akwai gyara a cikinta, kuma ba a inda yawancinmu ke zato ba.

Wani Bajapane ne, Momofuku Ando, ya fara fito da irin wannan taliya a 1958. Dabararsa ita ce a turara taliyar, sannan a tsoma ta cikin tafasasshen mai har ruwan jikinta ya ƙone, ta bushe ƙayau. Shi ya sa take daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa kuma take nuna cikin minti uku. A riƙe wannan: taliyar da ke cikin leda soyayya ce tun daga kamfani. Indomie kuwa daga Indonesiya ta samo asali, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka kafa wata a Kaduna. A 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun ci kusan leda biliyan 3 ta irin wannan taliya, babu ƙasar Afirka da ta kamo mu. Kamfanoni da yawa ke yin ta yanzu, amma bakinmu ya saba, kowacce indomi muke ce mata, don haka maganata ta shafe su duka.

Jita-jita ba ta ƙarewa a kan wannan abinci. Yau a ce an shafe ta da kakin kyandir, gobe a ce roba ce. Maiƙon da ke tasowa saman ruwa man da aka soya ta da shi ne, ba kaki ba. A watan Afrilun 2023 hankali ya tashi da aka ji hukumomin Taiwan da Maleshiya sun sami wani sinadari mai alaƙa da ciwon daji a wani nau'in Indomie da ake sayarwa can. Hukumar NAFDAC ta ɗebi samfurori daga masana'antu da kasuwannin ƙasar nan ta gwada, ta kuma sanar cewa ba ta sami sinadarin a cikin wadda ake yi a Najeriya ba. Mutane suka yi ta tura saƙo a WhatsApp mako biyu, sannan aka manta. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali kuwa yana nan rubuce ƙarara a bayan leda, ba mai karantawa.

Gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci daga karin kumallo zuwa tuwon dare. A bayan leda ba lallai ka ga kalmar gishiri ba, sodiyam za ka gani. Lissafin ba wuya: ka ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi, ka sami gishirinsa. Idan an rubuta miligiram 1,000, giram biyu da rabi ke nan, rabin kason yininka ya tafi a zama ɗaya. A duba kuma da kyau, domin wasu kamfanonin na giram 100 suke rubutawa, wasu na leda guda. Mafi yawan gishirin nan yana cikin ɗan ƙullin sinadarin ɗanɗano da ke zuwa tare da taliyar, sauran yana jikin taliyar kanta.

To ga yadda muke yi. A juye ƙullin nan duka. A murmusa dunƙulen magi ɗaya ko biyu, alhali shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. A barbaɗa farin magi. Wata ma sai ta ƙara gishiri ɗan tsunkule, don hannu ya saba. Idan an sauke a kawo yaji, shi ma da gishiri da magi aka daka shi. Gishiri hawa biyar a kwano ɗaya, ga saurayi ba leda ɗaya ke isarsa ba.

Na taɓa ce wa wata 'yar'uwata da ke aure a Bachirawa, ina kallonta tana ɓare dunƙule na biyu, "Yaya, ai da maginta ta zo." Ta ce, "Kai dai ba ka san girki ba. In ban sa ba, Baban yara cewa zai yi lami ce." Gaskiyarta ta wani gefen, harshen da ya saba da gishiri mai yawa komai lami yake ji. Amma harshe yana koyo. In aka rage kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni abin da dā yake daidai sai ya koma yi maka zartsi.

Illar ba a jin ta a ranar. Gishiri yana riƙe ruwa a jini, jini ya matsa wa jijiyoyi, zuciya da ƙoda su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu shekara da shekaru. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, sai wata safiya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Awo kaɗai ke nuna shi, kuma awon bai kai minti biyar ba a kowane asibitin sha-ka-tafi ko kemis mai na'urar. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, ya ga likita, kuma ƙullin nan ba nasa ba ne. Haka mai ciwon ƙoda, haka mai juna biyu da ƙafafunta ke kumbura.

Barkono fa, da kowa ke ɗora wa laifi? Rabin zargin ƙage ne. Mun taso muna jin cewa yaji ne ke kawo gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi ke haddasa mafi yawansa, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda manomi da lebura ke afawa kullum bayan aiki, sau da yawa ciki ba komai. Barkono ba ya haƙa gyambo, amma yana iya tayar wa mai shi da zafi, yana kuma tsananta ƙwannafi da raɗaɗin basir. Mai fama da ciwon ciki ya je a gwada shi a ba shi maganin da ke kashe ƙwayar. Barin yaji kaɗai ba zai warkar da shi ba.

Duk da haka yaji yana da iyaka. A watan Yunin 2024 hukumar abinci ta Denmak ta janye nau'i uku na taliyar Buldak ta Koriya ta Kudu daga shaguna saboda tsananin yajinsu, tana tsoron illa musamman ga yara, kodayake bayan wata guda ta dawo da biyu daga ciki. Gasar cin yaji da samari ke kwaikwayo daga TikTok wauta ce mai ƙarewa da amai da murɗar ciki. In yaji ya kama baki, ruwa ba ya kashe shi, don sinadarin zafin a maiƙo yake narkewa. Nono ko kindirmo ko madara su ne magani. Mai son ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, ya tsaga shi ya kankare farin naman ciki da 'ya'yan ke manne da shi, nan zafin ya fi taruwa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko a ɗauki jariri.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dakakken yajin da ba a san asalinsa ba. Busasshen barkono da ƙuli-ƙuli in suka sha danshi suna yin hunhuna, wani nau'in hunhunar kuma yana fitar da dafi mai lalata hanta, wanda wuta ba ta kashe shi. Mu da muke shanya barkononmu a tsakar gida ba mu da hujjar sayen garin da ba mu ga abin da aka niƙa ba. A tsince mai baƙi a ciki da mai fari-fari a zubar, a daka sauran, a rufe a kwalba busasshiya.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Taliyar leda fulawa ce da mai da gishiri. Tana cika ciki, tana kashe kuka, amma abin gina jiki da ƙarin jini da ke cikinta bai isa yaro mai girma ba in ita kaɗai ce. Abin takaici, a gidan da ake ba yaro ita tsura safe da yamma, akwai zogale a bayan ɗaki, akwai wake a rumbu, akwai kaza mai ƙwai. Sau nawa ake sayar da ƙwan a sayo taliya da kuɗinsa? Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata shida, kuma kafin ya cika shekara ba a sa masa gishiri a abinci, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Ɗabi'ar nan ta ba yara ƙullin su riƙa lasa, ko su barbaɗa a ɗanyar taliya su gurgura a hanyar makaranta, ita ma a hana.

Ga yadda za a dafa ta ta zama abinci. Ga mutum huɗu, a ɗauki ƙananan leda huɗu amma ƙulli biyu kawai za a buɗe, babu dunƙule, babu gishiri. A jajjaga tumatir uku da tattasai biyu da albasa da tafarnuwa da ɗan citta, a soya a mai cokali biyu, kar a wuce, tunda taliyar da nata man ta zo. A daka daddawa a zuba, ita za ta cike gurbin ɗanɗanon da aka rage. A sa ruwa, in ya tafasa a zuba karas da dafaffen wake gwangwani ɗaya, ko ɓarzajjen busasshen kifi, ko awara. Sai taliya. Saura minti biyu a sauke a watsa kabeji da zogale ko alayyahu cike da hannu biyu. A kwashe wa yara nasu tukuna, sannan a zuba attaruhu a na manya. In za a sa ƙwai, ya dahu har gwaiduwa ta daskare. Ganyen da aka sayo, musamman na lambun da ake ba ruwan da ya biyo ta kwatocin birni irin na Jakara, a wanke shi sau da yawa da ruwa mai tsabta, kuma dafa shi ya fi cin sa ɗanye. Mai 'yar murji a gida ma ta fi kowa riba, don taliyar Hausa ba soyayya ba ce, gishirinta kuma a hannun mai kwaɓi yake.

Taliyar leda ce girkin farko da ake barin yaro ya yi shi kaɗai, galibi da dare, ga risho ko kurfoti a ƙasa ga ƙannensa suna rarrafe. Babba ya tsaya a wurin. In sanyi ya shigo kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa ba shi da wari kuma yana kisa cikin barci. Kada a hura wuta da ledar taliyar, kada kuma a juye ta da zafinta cikin leda a ƙulle wa ɗan makaranta, kwano mai murfi ya fi.

Ragowa ba ta kwana. Dafaffiyar taliya, balle mai ƙwai, in ta wuce awa biyu a ajiye ba firij, ƙwayoyin cuta sun fara yaɗuwa a cikinta, a zafin Afrilu kuwa awa ɗaya ma ta isa. Wasunsu suna barin dafin da ɗumame ba ya karya shi. Tuwo ne ake ɗumamawa da safe, ita wannan a dafa daidai cikin masu ci.