Hattara Dai Masu Bi: Siyasar Kuɗi Ta Doshi Kujerar Dattawan Ikilisiya

Akwai wata cuta da take bin majami'unmu a sannu, tun daga unguwannin Yelwa da Gwallameji a cikin Bauchi har zuwa ƙauyukan gundumar Zungur, kuma da yawanmu mun gan ta mun kau da kai. Zaɓen dattawan ikilisiya, wanda iyayenmu suke shiga da azumi da tsoron Allah, ya fara ɗaukar kamannin zaɓen fid da gwani na jam'iyya. Ana kamfe a asirce, ana raba ɗan abin hasafi, ana ƙirga kawunan ƙabila tun kafin a ƙirga ƙuri'a. Har yanzu akwai majami'u masu yawa da suke yin zaɓensu cikin tsabta, mun gode wa Allah. Su ma wannan magana ta shafe su, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu fara da tuna wa kanmu nauyin kujerar. Manyan ikilisiyoyin da suka fi yawa a wannan yanki ba a kan mutum ɗaya aka gina su ba. ECWA ta fito daga aikin mishan na SIM da ya soma a 1893, ta tsaya da ƙafafunta a 1954. COCIN ta fito daga aikin mishan na SUM da ya soma a 1904. Dukkansu suna da hedikwata a Jos, kuma dukkansu a kan majalisa suke tafiya, daga majalisar dattawan majami'a zuwa LCC, daga nan zuwa DCC ko RCC, har babbar majalisa. Fasto baƙo ne, yau yana nan, gobe takardar canjin wurin aiki ta zo ya ɗaure kayansa. Dattawa su ne 'yan gida. Su suke ƙirga baiko da zakka bayan sujada, su suke sa hannu a fitar da kuɗi, su suke yi wa masu neman baftisma tambayoyi, su suke raba jibin Ubangiji. Aure ya rikice, wurinsu ake zuwa. Wani ya faɗi cikin zunubi, su suke yanke ko a sa shi horo ko a karɓe shi. Daga cikinsu kuma ake tura wakilan da suke zama a majalisun sama. Duk ɓarnar da ta shiga a ƙasa, a kwana a tashi sai ta hau sama.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma wanda yake zuwa sujada ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wa'adin dattawa yana gab da ƙarewa, sai ka ga mutumin da ba a san fuskarsa a addu'ar tsakiyar mako ba ya koma zama a bencin gaba. Ranar godiyar kaka ko ranar ƙaddamar da ginin majami'a, shi ne zai karɓi makirfo ya yi alkawarin buhunan siminti, a yi ta tafi. Mako na zagayowa ya ɗauki nauyin ankon Zumuntar Mata, ya saya wa matasa sabbin kayan kiɗa. Da dare kuma yaransa suna bin gidaje da ɗan ƙullin shinkafa da abin da suke kira kuɗin mai, suna cewa, "Baba ya ce a gaishe ku, a kuma tuna da shi cikin addu'a." Kowa ya san irin addu'ar da ake nufi. A WhatsApp jerin sunaye yana yawo, a ƙarƙashinsa an rubuta "namu ne".

Ranar zaɓe, bayan an tashi sujada, baƙi da yara sun fita, an bar masu cin jibi. An rubuta sunaye a allo, an yayyanka farar takarda an rarraba. Duba da kyau, za ka ga wani yana leƙa tafin hannunsa, wata tana buɗe littafin waƙoƙi inda ta soke 'yar takardar da aka ba ta jiya da dare. Tsohuwar da ba ta iya rubutu ba ta miƙa takardarta ga saurayin da ke kusa da ita, ta raɗa masa sunan wanda take so, shi kuwa ya rubuta sunan wanda ya sallame shi. Sai a rufe da addu'a, a ce Ubangiji ya zaɓa. Wannan ɗora wa Allah ƙarya ne, kuma ya fi sayen ƙuri'ar kansa muni.

Kada wani ya ce ana hana mai hali yin alheri. Ikilisiya tana bukatar siminti, gwauraye da marayu suna bukatar shinkafa, kuma akwai attajirai masu tsoron Allah da suka cancanci kujerar dattijo fiye da kowa. Abin dubawa shi ne lokacin kyautar da abin da ake jira a bayanta. Mai bayarwa domin Allah yana bayarwa kafin zaɓe, yana bayarwa bayan ya faɗi zaɓe. Wanda hannunsa ba ya buɗewa sai wa'adi ya ƙarato, ciniki yake yi. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai karɓa ya san abin da yake sayarwa.

Cuta ta biyu ita ce ƙabilanci, kuma ta fi wuyar magani domin tana zuwa da rigar zumunci. Majami'a ɗaya a Bauchi za ka tarar da Sayawa, Jarawa, Angasawa, Tangalawa, mutanen Filato da na Kudancin Kaduna, da Hausawa masu bi, duk a benci ɗaya. Harshen Hausa ne ya haɗa su, tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Yanzu sai ga ƙungiyoyin ci gaban gari suna zama ranar Asabar su tsayar da ɗan takara, ranar Lahadi su shigo majami'a da ƙuri'arsu a dunƙule. Waɗanda suka fi yawa su kwashe kujeru kakaf, marasa yawa su koma 'yan kallo a gidan Ubansu. Ikilisiyar farko ta Urushalima ta gamu da irin wannan, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, lokacin da masu jin Helenanci suka yi gunagunin ana tauye gwaurayensu wajen rabon abinci. Da aka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, dukkan bakwai ɗin, har da Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci gare su. Masu rinjaye ba su yi amfani da yawansu sun danne masu kuka ba. Mu kuwa muna karanta wannan sura da safe, da rana mu yi akasinta.

Ma'aunin dattijo ba a ɓoye yake ba. Manzo Bulus ya shimfiɗa shi a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya maimaita wa Titus da ya bari a tsibirin Karita. Kusan dukkansa a kan hali yake: zaman mutum da matarsa, tarbiyyar 'ya'yansa, yadda yake riƙe fushinsa, nisansa da buguwa da faɗa da kwaɗayin kuɗi, buɗe ƙofarsa ga baƙo, iyawarsa ta koyar da Maganar Allah. Ya hana a ɗauki sabon tuba, ya kuma gargaɗi Timoti kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa hannu. Babu digiri a jerin, babu mota, babu muƙamin gwamnati, babu sunan gari. A Samariya wani Siman ya fito da kuɗi yana son ya sayi ikon da manzanni suke da shi, Bitrus ya tsawata masa tsawa mai zafi, ya ce ya tuba.

Tarihi ma ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. Babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Kalsidon a shekara ta 451 ya kafa doka cewa duk wanda ya naɗa wani a muƙamin ikilisiya don kuɗi, shi da wanda aka naɗa sun rasa matsayinsu. Duk da haka cutar ta yi ta dawowa. A 1514 wani matashi ɗan sarauta a Jamus, Albrecht, ya samu kujerar babban bishop na Mainz bayan wadda yake riƙe da ita a Magdeburg. Ya ci bashi mai nauyi a wurin attajiran gidan Fugger domin biyan kuɗin da abin ya ci. Hanyar biyan bashin ita ce sayar wa talakawa takardun sassaucin hukuncin zunubi, kuma wannan ciniki ne Martin Luther ya tashi a kansa a 1517. Rabuwar da ta biyo baya ta wuce shekara 500 ba ta ɗinke ba. Wanda ya kashe kuɗi ya hau kujera zai nemi inda zai fanshe, kuma a jikin jama'a yake fanshewa.

A majami'ar ƙauye fanshewar ba ta bukatar miliyoyi. Kwangilar rufin majami'a ta tafi wurin ƙanin dattijo ba tare da an tambayi farashi a wani wuri ba. Rahoton kuɗi na ƙarshen shekara a karanta shi da sauri, wanda ya ɗaga hannu a ce ba shi da ladabi. 'Yar talaka ta yi ciki, a kira sunanta a gaban jama'a, a mayar da ita bencin baya, ɗan mai kuɗin da ya yi mata cikin kuwa a ce ya tafi makaranta. Faston da ya yi wa'azin da ya taɓa babba, a rubuta takardar ƙorafi a kansa har sai an ɗauke shi, na bayansa ya zo ya koyi yin shiru. Daga nan sai ɓangaren da aka danne ya ja jama'arsa ya buɗe wata majami'a a tsallaken titi, wani lokaci har a kai juna gaban alƙali. Matasa suna kallon duk wannan, kuma shi ya sa wasunsu suke zamewa ba sallama.

Akwai kuma dalilin da ya sa mu a Bauchi ba mu da sararin yin wasa da wannan kujera. Muna zaune tare da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, iyakar gona ɗaya. Bulus ya sa sharaɗin cewa dattijo ya kasance mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na cikin ikilisiya ba. Wanda ya ci bashin mai shago a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ya ƙi biya, ranar da aka ji an naɗa shi dattijo, ikilisiya duka aka yi wa dariya. Ba mu manta da rikicin Afrilun 1991 da ya tashi a Tafawa Ɓalewa ya shigo Bauchi ba, ba mu manta da bam ɗin da ya tashi a Yelwa ranar 3 ga Yunin 2012 ba, da wanda ya biyo baya a majami'ar Katolika ta St. John a watan Satumba na shekarar 2012. A irin wannan rana dattijo ne yake tsayawa tsakanin matasa masu fushi da titi. Shi ne yake zama da mai unguwa da hakimi da limamai da jami'an tsaro. Mutumin da matasa suka san da kuɗi ya saye su, in ya ce su koma gida ba za su ji ba. 'Yan siyasa kuma sun gane cewa dattijo ƙofa ce ta shiga majami'a, shi ya sa wasu suke zuba kuɗi a zaɓenmu tun kafin nasu ya zo.

Gyaran yana hannunmu, kuma mafi yawansa yana tsakanin ranar zaɓe da ranar keɓewa. Ƙuri'a ba ita ce magana ta ƙarshe ba, shi ya sa aka sa matakin tabbatarwa. Fastoci da shugabannin LCC, kada ku mayar da wannan mataki sa hannu kawai. A karanta ma'aunin dattijo a bagade makonni kafin zaɓe, a yi azumi da addu'a kamar yadda Bulus da Barnaba suka yi sa'ad da suke naɗa dattawa. A sanar da sunaye, a ba da lokaci, a buɗe hanyar da mai magana zai zo a asirce ba tare da an tona shi ba, a kuma bincika kafin a gaskata, domin kada mahassada su ɓata sunan mutumin kirki. A je gidan wanda aka zaɓa, a zauna da matarsa, a ji ta bakin maƙwabtansa. Masu taimaka wa tsofaffi rubutu su zama mutum biyu waɗanda ba su da ɗan takara. Duk wanda aka tabbatar ya raba kuɗi ko ya yi kamfen ƙabila, a soke sunansa, ko da shi ya gina majami'ar tun daga tushe.

Iyayenmu mata na Zumunta, ku ne kuka fi cika benci, ku kuka san gidan da ake dukan mace da gidan da ake ciyar da maraya. Kada turmin atamfa ya rufe muku baki. Matasa, kuna kuka da masu sayen ƙuri'a a ƙasa, to kada ku zama dillalansu a gidan Allah. Kai kuma ɗan'uwa da kake sha'awar kujerar, sha'awar ba laifi ba ce, amma in ka san sai ka biya za a zaɓe ka, ka riga ka san ba ka cancanta ba. Ka janye tun mutuncinka yana tare da kai.

Jama'ar Ubangiji, majami'a mai dattawa uku masu gaskiya ta fi mai goma sha biyu da aka saya. In an miƙo maka takarda ranar zaɓe, ka rubuta sunan mutumin da za ka yarda ka ba shi amanar 'yarka da kuɗinka da asirinka. In babu irinsa a allon, ka tashi ka faɗa, a ɗaga zaɓen, a koma addu'a.