Littafi ɗaya ko uku: yadda manhaja ke ajiye bayanai

Ɗauki magatakardan wata ƙungiyar manoman albasa a Madawa. Yana da littafin mambobi, da na bashin taki, da na cinikin buhuna, kuma a kowanne ya rubuta sunan manomi da ƙauyensa da lambar wayarsa. Ranar da manomi ya sake layi, sai an bi littattafan uku an gyara. In aka tsallake ɗaya, lokacin karɓar bashi a yi ta kiran lambar da ta mutu.

Wannan ciwon kai ya daɗe yana damun masu rubuta manhaja. A 1970 Edgar Codd, ɗan Ingila mai aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da tsarin da yawancin rumbunan bayanai ke bi har yau. Ma'anarsa a taƙaice: kowane bayani a rubuta shi wuri guda. A ba manomi lamba, sauran littattafan su riƙa ambaton lambar kawai. Gyara sau ɗaya ya wadatar. Sai dai duk tambayar da aka yi, dole na'ura ta leƙa nan ta leƙa can kafin ta haɗa amsa, kuma in littafin yana cikin wata kwamfuta a Yamai, sai da rezo.

To, nan gizo ke saƙar. Wanda ya taɓa shiga ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Keita da Buza ya san yadda ake yawo da waya a ɗage ana neman rezo. Ma'aikacin lafiya a irin wurin ba zai ce wa uwa ta jira intanet kafin a duba rigakafin ɗanta ba. Shi ya sa manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norwe ke kula da ita kuma ma'aikatar lafiya ta Nijar ke amfani da ita, take da sigar waya mai riƙe kwafi har sai an samu rezo ta aika. Kwafin yana da tasa rigimar: mutum biyu su gyara abu ɗaya a wurare biyu, wa za a bi?

Akwai kuma maimaicin da ni ban ɗauke shi ɓarna ba. Albasa tana araha lokacin girbi, ta yi tsada bayan watanni. In takardar ciniki ba ta ɗauke da farashin ranar, tana dogara da "farashin yanzu" da ke wani littafi, cinikin watan Afrilu zai sake kama a Oktoba, rigima ta tashi.

Saboda haka, ƙungiya ko asibitin da aka kawo wa sabuwar manhaja, kafin ku karɓa ku tambayi mai ita: in kwafi biyu suka saɓa, wanne ne na gaskiya, kuma wa ke da ikon gyara shi?