Kiwon Kifi a Tanki: Ku Auna Gudun Ruwanku

A wannan fitowa za mu yi bayani ga ƙungiyoyin mata da matasa da suka karɓi rance domin kiwon tarwaɗa a cikin garin Sakkwato. Masu kiwo a bakin Kogin Rima, wajen Kwalkwalawa, suna da ruwa a wadace. Mu da ke cikin gari kuwa sayen ruwa muke yi, shi ya sa da yawa suke tace ruwan tanki a cikin duro su sake mayar da shi. Dabara ce mai kyau, amma nasararta tana ga gudun ruwan.

Ga yadda abin yake. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da guba mai suna amoniya. Ruwa yakan fito daga tanki ya shiga duro na farko, inda datti ke kwanciya. Daga nan ya wuce duro na biyu mai tsakuwa, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke juya gubar ta zama taki. Wasu suna ƙara duro na uku da kainuwa, domin ta shanye takin. Haka masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi suke yi a Turai da Amurka, sai dai su ciyawar teku suke sawa.

Idan ruwa ya yi sauri, datti ba zai kwanta ba, zai koma wa kifi. Idan ya yi nawa, guba za ta taru a tanki. Ga kuma zafin garinmu, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Lita ɗaya ta ruwa tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta wuce 7.6. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iska, amma ƙwayoyin da ke cikin tsakuwa da ruwan kaɗai suka dogara.

Yadda za ku auna:

1. Ku tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke mayar da ruwa, ku duba agogo. Idan tankinku lita 2,000 ne, kuna so ruwan ya zagaya sau ɗaya a awa, jarkar za ta cika cikin daƙiƙa 36.

2. Kada ku dogara da lambar da aka rubuta a jikin inji. Duk yadda bututu ya ƙara tsawo zuwa sama, ruwan da inji ke turawa yana raguwa.

3. A wannan gudu, ruwa minti 6 kawai yake yi a duro mai lita 200. Idan kun ga datti yana wucewa, ku ƙara duro. Na kainuwa kuwa, ku sa masa famfonsa daban, ruwa ya shiga a hankali.

4. Ku kashe inji da gangan, ku ga inda ruwa zai tsaya a duro na ƙasa. Idan ya malala, to haka zai yi muku cikin dare ranar da aka ɗauke wuta. Ku bar masa sarari.

Ku riƙa aunawa kowane mako kuna rubutawa a littafi. Idan jarka ta fara jinkirin cika, bututu ya toshe ke nan, a wanke shi tun kifi bai daina cin abinci ba. Ku zo da littafin taronmu na wata domin mu duba tare.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.